Ranar da Mma ta yi sadaka da duniya

Na daɗe ina koyar da yara, kuma abubuwa da yawa sun shige mini duhu, har sunayen wasu ɗalibaina sai na yi ta lalube kafin in tuno. Amma akwai wata yamma ta watan azumi da ko gigin tsufa ya kama ni ba na jin za ta fita daga raina. Har yau in na ga an dunƙula fura an birkiɗa ta a gari, sai gabana ya ɗan faɗi kafin in tuna cewa Allah ya riga ya rufa mana asiri.

A lokacin ina koyar da 'yan aji biyar a wata makarantar firamare da ke cikin lungunan unguwar Nima. Mun zo kan darasin abin da ke cikin duniya, wato in da za a tsaga ƙasar nan da muke takawa, me za a tarar har zuwa tsakiyarta. Littafi ya zana da'ira, ya jera sunaye huɗu na Turanci. Na zana a allo, na maimaita, yara suka haddace tsaf, suna rerawa har ajin da ke maƙwabtaka da mu ya koya. Sai wata rana na rufe littafi na tambaye su da Hausa, "To, yanzu in muka haƙa nan ƙarƙashin bencinku, muka yi ta haƙa, me za mu tarar?"

Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Kwata, Madam!" Wata ta ce kabari. Wani kuma ya rantse da Allah cewa aljanu ne, wai kawunsa ya faɗa masa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba, duk makarantar an san muryata tun daga bakin ƙofa. Ashe duk ihun da nake yi karatun aku muke yi. Na koma gida ina ta saƙa da warwara, har na yanke cewa tunda kunne ya gaza, bari mu gwada hannu. Gani ya kori ji. Za mu gina duniyar da kanmu, mu yanka ta, kowa ya leƙa.

Kayan wasan da ake ginawa da su a manyan makarantu ba mu da su, kuma ban tsaya neman su ba. Na dafa garin gero kamar yadda ake yi wa fura, na raba shi uku. Kaso mafi yawa na murza shi da manja ya yi ruwan lemo. Kaɗan na jiƙa shi da zoɓo mai kauri ya yi ja. Sauran na bar shi yadda yake. Abin da ya rage shi ne cibiyar duniya, wadda masana suka ce ƙarfe ce, ni kuwa na ce lallai sai mun sa ƙarfe na gaske. Uban wani ɗalibina bakanike ne, shi ya ba ni ƙwayoyin boris, 'yan dunƙulallun ƙarafan nan masu santsi, kowanne bai fi ƙwayar gujiya ba. Na wanke su tas na zuba a jaka.

A ajin nan akwai wata yarinya da ke zama a bencin ƙarshe, jikin bango. Ba ta da surutu ko kaɗan, sau da yawa ma gyangyaɗi take yi. Na san dalili. Uwarta ta tafi aikatau ƙasar waje, ta bar ta ita da ƙanenta ɗan ƙarami a hannun kakarsu a Mamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da tamu, kakar kuwa yanar ido ta rufe mata gani, sai dai lalube. Yarinyar ce idon gidan. Tun kafin gari ya waye take taya wata maƙwabciyarsu sayar da koko, daga nan ta wuce makaranta. Shi ya sa duk zafina ban cika takura mata ba, amma a gaskiya ban taɓa sa rai wani abu na shiga kanta ba.

Ranar da na baje kayan nan a tebur, ajin ya kaure. Wasunsu suna azumi, wani ya riƙe ciki ya ce, "Ei, Madam, ƙamshin geron nan ai jarrabawa ce!" Na ce masa duk wanda na ga ya kai hannu baki, azuminsa da makinsa duk sun tafi. Na raba su kashi shida, kowane kashi na miƙa musu ƙarfe ɗaya.

"Wannan ita ce cibiya," na ce musu. "Ƙarfe ne daskararre, zafinsa ba ya faɗuwa. Ku lulluɓe shi da ja. Jan nan shi ma ƙarfe ne, amma narkakke, yana gudu kamar kunu. Sai ku kawo mai manja ku lafta da yawa, kada ku yi rowa, don shi ya fi kowa kauri. Shi za mu kira tsoka, dutse ne mai zafi da ke motsi a hankali. A ƙarshe ku shafa farin siriri, ku birkiɗa a gari. Wannan ɗan ɓawon shi ne inda muke zaune, da Nima, da teku, da Makka, duk a kansa suke."

Wani ya duba ɗan siririn ɓawon da ke hannunsa ya duba ƙasa, sai na ga ya ɗan ɗage ƙafa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yarinyar bencin ƙarshe. Ranar babu gyangyaɗi. Ta karɓe aikin kashinsu gaba ɗaya, tana mulmulawa a tafin hannu cikin natsuwa, nata ya fi na kowa zagaye. Can sai na ji wata 'yar siririyar murya da ban saba ji ba.

"Madam, tunda na tsakiyar ya fi zafi, me ya hana shi narkewa?"

Na juya na dube ta, don tambayar nan ko a littafinmu babu ita. Na ce, "Kin taɓa zama a tsakiyar kujerar baya ta trotro, motar hayar nan, manyan mata biyu ta nan, biyu ta nan?" Ta ce ta taɓa. Na ce, "Kin iya motsi?" Ta girgiza kai. Na ce, "To haka yake. Nauyin duniya duka a kansa yake, ko yana so ya narke babu wurin motsi." Yara suka fashe da dariya, ita kuwa ba ta yi ba, ta dai gyaɗa kai ta ci gaba da mulmula.

Aka tashi muna da duniyoyi shida, farare tas, an birkiɗa su a gari. Na ce sai gobe za mu yanka su da zare in sun ɗan daskare. Barin su a makaranta kuwa ba zai yiwu ba, ɓerayen wurin nan ko alli ba sa bari. Na jera su a kwanona mai murfi na tafi da su gida.

Gidanmu gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, ni da mahaifiyata, wadda muke kira Mma, muna da ciki da falo. Na tarar ta tafi tafsiri. Na ajiye kwanon a kan tebur, na ɗauki jaka na nufi kasuwa sayen kayan shan ruwa. Ko kusa ban kawo komai a raina ba. Ni da na ga yadda aka gina su, duniyoyi nake gani. Ban taɓa tsayawa na dube su da idon wanda bai shiga ajina ba.

Bayan la'asar na dawo. Tebur wayam. Mma na zaune a kan darduma da carbi, tana ta yi mini wani murmushi.

"Mma, ina kwanon da na ajiye a nan?"

"Allah ya yi miki albarka," in ji ta. "Na kai miki."

"Kin kai ina?"

"Gidan Hajiya mana. Na ga kin sayo fura mai kyau kin rufe ba ki ce komai ba, na ce yarinyar nan ta fara hankali, sadaka take so ta yi a ɓoye. Shi ya sa ban ma jira na tambaye ki ba, kada in rage miki lada."

Jakar hannuna ta suɓuce, tumatir ya watse a ƙasa. Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Mma, ba fura ba ce! Ƙarfe ne a ciki!"

Wanda bai zauna a Zango ba, wato unguwannin Hausawa irin tamu, ba zai gane yadda aka yi haka ba. A wurinmu, in azumi ya kama, kwano ba ya kwana inda aka ajiye shi. Da yamma lunguna cike suke da kwanuka masu murfi, wannan ya fita daga nan ya shiga can, ba a tambaya, ba a sanarwa. Mma ba ta yi komai ba face abin da ta tashi ta ga ana yi. Amma a lokacin ban tsaya wannan lissafi ba. Abu ɗaya ne a kaina: wani mai azumi zai dama abin nan cikin gaggawa, ya kafa kai, ƙarfe mai santsi ya wuce masa maƙogwaro. Na duba rana, ta yi ƙasa amma da saura. Na ce wa kaina ina da lokaci har a kira magariba. Na figi mayafi na fita, Mma na bayana tana salati.

Hajiya matar mai gidanmu ce, tana zaune a tsallaken lungu. Na faɗa mata ko sallamar kirki ban yi ba. Na same ta a tsakar gida tana juya ƙosai.

"A'a, Madam, lafiya? Ai na ga saƙo, Allah ya saka. Fura kamar a sa a hoto."

"Hajiya, ina take? Don Allah ina take?"

"Ai kin san Alhaji, likita ya hana shi shan fura, ni kuma ga kaya sun yi mana yawa. Na aika wa ladan na masallacin bakin kwata, shi da ba shi da mai dafa masa."

Na yi mata bayani a tsaitsaye. Ta saki matsami ta dafe ƙirji, ta ɗauko waya ta kira ladan. A kashe. Ta ce ai in ana tafsiri kashewa yake yi. Ban jira ta gama ba na juya.

Ni ba ƙaramar mace ba ce, kuma ga azumi a bakina, amma ranar na yi gudun da rabona da shi tun ina budurwa. Lungunan Nima kuwa ba a yi su don gudu ba. Nan ka kauce wa mai tallan ruwa, nan ka tsallake kwata, nan ka ci karo da tunkiya. Masu shaguna suna ta kira, "Madam, lafiya? Madam, wa ya mutu?" Silifas ɗina ɗaya ya tsinke, na cire ɗayan na riƙe su a hannu.

Na tarar da ladan a ƙofar masallaci yana shimfiɗa tabarmi. Dattijo ne mai sanyin magana, irin waɗanda sai sun gama gaisuwa kaf kafin su ji abin da ya kawo ka. Na katse shi. Na ce, "Baba, kwanon da Hajiya ta aiko, kada a taɓa shi!"

Ya dube ni, ya dubi ƙafafuna. Ya ce, "Ai 'yata, ni dabino da ruwa sun ishe ni. Na tuna da tsohuwar nan mara gani ta Mamobi, mai jikoki biyu. Ita na kai wa da kaina. Har ta yi ta sa albarka, ta ce dama ƙaramin tun rana yake mata kukan yunwa."

Nan ne na gane kuskurena. Duk gudun da nake yi da magariba nake tsere, ina ganin babu mai taɓa abin nan sai an kira salla. Na manta cewa yaro ƙarami ba ya azumi. Kuma shi ba sai an dama masa ba, dunƙulen ake miƙa masa ya yi ta gatsa. Mai ido da ya ɓare ya ga manja da ja zai tsaya ya yi tambaya. Kwanon nan ya tsallake duk masu ido a Nima, ya je ya sauka a hannun wadda ba ta gani. Na kuma gane gidan, gidan su yarinyar bencin ƙarshe ne.

Yadda na tsallaka gadar babbar kwatar nan zuwa Mamobi, wallahi ban sani ba. Addu'a kawai nake yi a fili, mutane na kauce mini. Ina cewa, ya Allah kada ka sa ajalin ɗan mutane a hannuna, ya Allah kada ka sa in zama sanadi. Ina tuna uwarsu da ke can wata ƙasa tana wanke-wanken wasu don su ci, ina tunanin da wane baki za a gaya mata.

Na banka ƙofar langa-langar gidan. Abin da na fara gani shi ne yaron, zaune a ƙasa daga shi sai ɗan kamfai, bakinsa da kumatunsa da ƙirjinsa duk manja, yana tsala kuka. Na durƙusa na cafko shi ina buɗe masa baki ina cewa, "Ya haɗiye? Ya haɗiye?"

"Bai haɗiye ba, Madam."

Na ɗaga kai. Yarinyar ce, tsugune a gefen tabarmar kakarta, da zare a hannu. A gabanta ga murfin kwanona, a kai an jera duniyoyin nan an raba kowace biyu, launukansu a fili, fari da ruwan lemo da ja. Ta buɗe tafin hannunta na hagu. Ƙarafa ne. Na ƙirga da ido, na sake ƙirgawa da yatsa ina taɓa kowanne. Shida cif.

"Na dawo daga ɗiban ruwa na gan shi yana ci," in ji ta. "Na ga manja a bakinsa. Na ce babu furar da ake sa wa manja sai tamu. Ya cinye ɓawo, ya shiga tsoka, amma bai kai ja ba. Na san in ya kai ja, saura ƙarfe. Shi ne na fizge. Kukan da yake yi na fizgewar ne."

Na zauna daɓas a ƙasa, a cikin ruwan wanke-wanke, ban ma ji shi ba. Na sauke wata ajiyar zuciya, sai hawaye. Ni da ɗalibai ke jin muryata su shige ƙarƙashin benci, ga ni ina kuka a gaban 'yar ajina, ƙafa babu takalmi. Daɗi da tsoro suka haɗu mini. Alhamdulillahi kawai nake iya faɗa.

Tsohuwar ta juyo da fuskarta wajen muryata. "Ke ce malamar tasu? Sannu, 'yar nan, sannu. Allah ya tsare, ki daina kuka. Ni da na ji nauyinta a hannu na ce wannan mai furar ba ta da ha'inci." Ta yi 'yar dariya. "Tun ɗazu ja'irar nan take cika ni da labari, wai wannan ce duniya. Kawo in ji."

Yarinyar ta ɗauki rabi ɗaya ta ɗora a hannun kakar, ta kama yatsarta tana bi da ita daga gefe zuwa tsakiya. "Kaka, nan muke zaune, ɗan siririn nan. Nan kuma dutse ne mai zafi, kin ji kaurinsa? Nan ƙarfe ne narkakke. Ramin nan na tsakiya, nan cibiya take, ita ba ta narkewa don an danne ta." Ba ta tsallake ko ɗaya ba, ba ta kuma faɗi kalmar Turanci ko ɗaya ba.

Tsohuwar ta daɗe tana shafa ɗan ɓawon da babban yatsa. Ta ce, "Yanzu duk faɗan da muke yi a kan fili da ɗaki, a kan ɗan wannan muke yi? Wuta na ƙarƙashinmu muna barci? Kai, Allah mai iko."

Ana haka aka kira salla. Nan na sha ruwa tare da su, da kokon da maƙwabciyarsu ta miƙo. Ban taɓa shan kokon da ya yi mini daɗi kamar na ranar ba. Yaron ya gaji da kuka ya haye cinyata ya shafe mini zane da manja, ban hana shi ba. Sai ga Mma da Hajiya sun shigo suna haki, ladan ya nuna musu hanya. Mma ta ga yaron lafiya, ta ɗaga hannu sama ta yi godiya, sannan ta juyo kaina.

"Ke kuma, duk abin da za ki gina duniya da shi ki rasa sai gero? A watan azumi?"

Na ce, "Mma, ke kuma duk abin da za ki yi sadaka da shi ki rasa sai duniya?" Hajiya ta yi dariya har da riƙe bango. Washegari Mma da kanta ta sayi fura ta gaske ta kai wa tsohuwar, don ta ce ba za a sa wa baiwar Allah rai a bar ta haka ba, kuma har azumin ya ƙare ba ta fasa ba.

A aji kuwa babu abin da ya rage a yanka. Na kira yarinyar gaban allo na miƙa mata rabin duniya na ce ta yi wa 'yan'uwanta bayanin da ta yi wa kakarta. Muryarta na rawa da farko, daga baya ta miƙe. Ni na koma bencinta na ƙarshe na zauna ina saurare.

Har yanzu ina yin darasin nan duk shekara. Sai dai cibiyar yanzu ƙwallon goriba ce, wadda ba ta shiga bakin kowa, ɓawon kuma shuɗi nake rina shi, yadda ko a duhu ba za a ce fura ba ce. Na koyi cewa abin da ka sani game da kayanka ba a rubuce yake a jikinsu ba, mai ɗauka da idonsa zai ɗauka. Babban abin da na koya kuwa shi ne, abin da yaro ya rera da baki yana iya barinsa a bakin ƙofar aji, amma abin da ya mulmula da hannunsa da shi yake tafiya gida. Na yi mako ina ihun sunaye huɗu ba su tsinana wa kowa komai ba. Da safe yarinyar nan ta gina duniya da hannunta, da yamma ta san cewa bayan ja sai ƙarfe, kuma sanin nan ne ya sa ƙanenta yake raye. Yanzu haka yana ajina, a bencin gaba, kuma duk ajin babu wanda ya kai shi surutu.